Adolf Saks, Maƙerin Kayan Busa

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa tsayawa a bakin fili ranar 1 ga Oktoba, ko ranar wasannin makarantarku, kana kallon 'yan badujala suna wucewa. Idan haka ne, to ka ga masu ganga, ka ga masu busa ƙananan ƙahoni na tagulla. A can wajen baya kuma ka ga waɗansu sun rungume manyan ƙahoni a ƙirji, bakin kowane ƙaho yana kallon sama. Ɗaya daga cikin waɗannan manyan ƙahoni shi ake kira yufoniyam. Muryarsa tana da kauri da taushi, kamar muryar magidanci mai rera waƙa cikin natsuwa. Sunan ya samo asali ne daga harshen Girka, ma'anarsa kuwa ita ce mai daɗin murya.

Maƙera da yawa ne suka sha wahala kafin wannan ƙaho ya kai yadda kake ganinsa a yau. Tambayoyi biyu ne suka riƙa damun su. Ta farko, yaya za a yi muryar ƙahon ta fita daidai, da daɗi? Ta biyu, yaya za a ƙera shi yadda mai busa zai riƙe shi ba tare da ya gaji ba? A wannan darasi za ka karanta tarihin wani mutum da ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman amsar waɗannan tambayoyi. Sunansa Adolf Saks, wanda a rubutun Faransanci ake rubutawa Adolphe Sax.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Adolf Saks ranar 6 ga Nuwamba, 1814, a garin Dinant, wanda yake bakin kogin Meuse, a ƙasar da a yau ake kira Beljiyam. Sunansa na yanka Antoine-Joseph, amma tun yana yaro ake kiran sa Adolf, kuma da wannan suna duniya ta san shi. Shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya 11. Bai daɗe da haihuwa ba iyayensa suka ƙaura zuwa birnin Brussels. A can mahaifinsa, Charles-Joseph Saks, ya buɗe maƙerar kayan busa. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai, har Sarki William na Ɗaya, wanda yake mulkin ƙasar a lokacin, ya naɗa shi maƙerin kayan busa na fada.

Masu tarihi sun ba da labarin irin haɗurran da Adolf ya gamu da su yana yaro. An ce ya taɓa faɗowa daga bene ya bugi dutse da ka. Ya taɓa shan ruwa mai guba a zatonsa madara ce. Ya haɗiye allura, albarushi ya ƙone shi, ya faɗa cikin kogi ya kusa nutsewa. Har ila yau an ce warin fentin da ake shafa wa katako ya sumar da shi a ɗakin kwanansa. Maƙwabta da iyayensa sun ɗauka yaron ba zai yi tsawon rai ba. Amma mai sauran kwana ba ya mutuwa. Wannan yaro sai da ya shekara 79 a duniya.

Hausawa sukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Adolf ya tashi ne a cikin maƙerar ubansa, tsakanin guduma da zarto da zuga-zugi. Ya koyi yanka tagulla da naɗe ta ta zama bututu, ya koyi fafe katako da huda shi. Ban da wannan, ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Brussels, inda ya ƙware a busa sarewa da kilarinet. Ka lura da wannan da kyau, domin shi ne asirin nasararsa. Yawancin maƙera ba su iya busa sosai ba, yawancin masu busa kuma ba su iya ƙira ba. Shi kuwa Adolf ya haɗa biyun. Idan ya ƙera abu, da kansa yake busawa ya ji inda muryar ta karkace, ya kuma ji inda yatsa ko kafaɗa suke wahala.

A 1830, kafin ya cika shekara 16, ya kai sarewa biyu da kilarinet ɗaya da ya ƙera wurin wani baje koli a Brussels. A 1838 kuma ya sami takardar mallakar ƙirƙira a kan wata babbar kilarinet mai kakkaurar murya, wadda ya sake wa fasali. Wannan takarda ita ce hukuma take ba wanda ya ƙago sabon abu, don kada wani ya kwaikwayi abin ya sayar sai da izininsa, har na tsawon waɗansu shekaru.

Yadda ƙaho yake fitar da murya

Kafin ka fahimci aikin Saks, ya kamata ka san yadda ƙahon tagulla yake aiki. Mai busa yana haɗa leɓɓansa a ƙaramin bakin ƙahon, ya hura iska da ƙarfi, sai leɓɓan su riƙa karkarwa. Wannan karkarwa ita take motsa iskar da ke cikin bututu, murya ta fita. Idan bututun gajere ne, muryar takan fita siririya. Idan dogo ne, takan fita da kauri. Bututun yufoniyam, in da za a miƙe shi, zai kai wajen mita 2.7. Don haka ne ake nannaɗe shi, domin mutum ya iya rungumar sa.

Ka tuna da kakakin da ake busa wa sarakunan Hausa. Kakaki dogon bututu ne, ba shi da huda ko maɓalli a jikinsa. Saboda tsawonsa ba ya canjawa, muryoyi kaɗan kawai yake iya fitarwa. Haka tsofaffin ƙahonin Turai suke. Domin a sami muryoyi da yawa, sai maƙeran da suka riƙa huda jikin bututu. Akwai wani ƙaho na katako da aka rufe da fata, mai lanƙwasa kamar maciji. Akwai wani kuma na tagulla mai manyan hudoji da marufai. Amma muryoyinsu ba su fita bai ɗaya. Wata takan fita da ƙarfi, wata kuma a shaƙe.

Sai ga wata sabuwar dabara ta ɓullo a Jamus. A 1818 waɗansu mutane biyu, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, suka sami takardar mallakar bawul na ƙaho. Ga yadda yake aiki: idan mai busa ya danna maɓalli da yatsa, bawul yakan buɗe wa iska wata 'yar hanya ta zagaye. Da haka bututun ya ƙara tsawo, muryar ta ƙara kauri. Idan ya saki maɓallin, iska ta koma hanyarta ta da. Da maɓallai uku kawai mai busa yana iya fitar da kusan duk muryoyin da waƙa take bukata.

Nan da nan maƙera a ƙasashe da yawa suka shiga sanya bawul a ƙahoni. Amma kowa da irin tasa ƙirar. Wani ƙaho yana da faɗi, wani siriri ne. Na wani gari bai dace da na wani gari ba. Idan aka tara su wuri ɗaya, muryoyinsu ba su haɗuwa. A cikin wannan hali Saks ya tarar da sana'ar.

Tafiyarsa Faris

A 1841 Saks ya sake kai kayansa baje koli a Brussels. An ce alƙalai sun yarda aikinsa ya cancanci lambar zinariya, amma aka hana shi saboda wai ya yi ƙuruciya. Abin ya ɓata masa rai. Ya ga cewa idan yana son duniya ta san shi, sai ya tafi Faris, babban birnin Faransa, wanda a lokacin nan ne matattarar manyan makaɗan Turai.

Ya koma Faris a 1842, ba shi da wani jari sai basirarsa. Allah ya haɗa shi da wani shahararren mai tsara kiɗa, Hector Berlioz, wanda kuma yake rubutu a jarida. Berlioz ya saurari kayan busan Saks, suka burge shi, ya yaba su a jarida a watan Yuni na wannan shekara. Wani babban hafsan soja kuma, Janar de Rumigny, na hannun daman Sarki Louis-Philippe, ya tsaya masa. Da taimakon irin waɗannan mutane ya sami rance, ya buɗe maƙera a titin Saint-Georges.

A watan Fabrairu 1844 Berlioz ya shirya wani taron kiɗa inda aka busa sababbin kayan Saks guda shida. Ɗaya daga cikinsu ba a ma gama ƙera shi ba, an ce da zare da danƙo aka ɗaɗɗaure shi, kuma Saks da kansa ya busa shi. Wannan shi ne saksofon. Jikinsa na tagulla ne, amma a bakinsa akwai ɗan siririn kara mai karkarwa irin na kilarinet. Saks ya sami takardar mallakarsa a watan Yuni, 1846.

Ƙahoni 'yan gida ɗaya

Saksofon ne ya fi ɗaukaka sunan Saks a yau. Amma a zamaninsa abin da ya fi jawo masa suna, da kuɗi, da fitina, shi ne waɗansu ƙahoni masu bawul da ake kira sakshon, wato ƙahon Saks. Ya sami takardun mallaka a kansu a 1843 da 1845.

Saks ya yi imani da wata ƙa'ida guda. A ganinsa, abin da yake ba ƙaho irin muryarsa shi ne siffar iskar da ke cikinsa, wato tsawon bututu da faɗinsa da yadda yake buɗewa. Ya ɗauki wannan da muhimmanci fiye da irin ƙarfen ko katakon da aka yi ƙahon da shi. Bututun da faɗinsa bai cika canjawa ba yakan ba da murya mai kaifi. Wanda kuwa yake buɗewa a hankali tun daga farko har ƙarshe, kamar ƙahon sa, yakan ba da murya mai taushi da cika. Saks ya zaɓi irin na biyu. Ya auna, ya ƙera, ya busa, ya sake aunawa, har ya sami ma'aunin da ya gamsar da shi.

Daga nan sai ya bi wannan ma'auni ya ƙera ƙahoni tun daga ƙarami mai siririyar murya har zuwa babba mai kakkaurar murya. Suka zama kamar 'yan gida ɗaya, akwai yaro, akwai saurayi, akwai dattijo, amma duk kamanninsu ɗaya. Wannan ya kawo amfani iri biyu. Na farko, idan aka busa su tare, muryoyinsu sukan haɗu sumul, ba wadda take saɓa wa 'yar'uwarta. Na biyu, yadda ake danna maɓallan duk iri ɗaya ne. Wanda ya koyi ƙarami, in aka miƙa masa babba ba sai ya sake koyon dannawa ba. Wannan babban sauƙi ne ga soja ko lebura wanda ba shi da lokacin zuwa makarantar kiɗa.

Saks bai manta da jikin mai busa ba. A wancan zamani akwai 'yan badujala da suke busa a kan dawaki. Ka yi tunanin mutumin da yake bisa doki, riƙe da dogon ƙaho mai kallon gaba. Da dokin ya ɗaga kai, sai ƙahon ya bugi haƙoran mahayin. Saboda haka Saks ya tsara ƙahoninsa yadda babban bakin zai kalli sama. Mai busa yakan matse ƙahon a jikinsa da hannun hagu, ya riƙa danna maɓallai da yatsun dama. Nauyin ya koma jikin mutum, hannu ya huta. Wannan siffa ita ce kake gani har yau a hannun masu busa yufoniyam.

A nan ya kamata a faɗa maka gaskiya. Yawancin masu tarihi ba Saks suke ba ƙirƙirar yufoniyam ba. Sun fi danganta ta ga wani Bajamushe, Ferdinand Sommer, mutumin garin Weimar, a 1843. Amma babban sakshon na Saks ɗan'uwan yufoniyam ne na kusa. Tsawon bututunsu ɗaya ne, aikinsu a cikin badujala ɗaya ne, sai dai yufoniyam ya ɗan fi faɗin ciki. Maƙeran da suka zo daga baya sun ɗebi dabaru daga ɓangarorin biyu.

Gasar da ta yi masa suna

A wancan lokaci hukumar sojan Faransa tana neman gyara badujalarta, domin ta ga ta Jamus da ta Ostiriya sun fi ta. Aka kafa kwamiti. Shawarwari biyu suka fi ƙarfi. Ɗaya ta Michele Carafa ce, shugaban makarantar kiɗa ta soja, wanda yake son a ci gaba da yawancin tsofaffin kaya. Ɗayar kuma ta Saks ce, wanda yake son a gina badujala a kan sababbin ƙahoninsa. Sai kwamiti ya ce a fito fili a gwada, kunne ya raba gardama.

Aka yi gasar ranar 22 ga Afrilu, 1845, a filin Champ de Mars da ke Faris, a gaban jama'a wajen 20,000. Waɗansu daga cikin mutanen Saks ba su zo ba, saboda haka ƙungiyarsa ta kasa ta Carafa yawa. Duk da haka, da aka fara busa, bambanci ya fito. A sararin fili muryar tsofaffin kayan katako takan watse cikin iska. Ta ƙahonin Saks kuwa ta cika filin, ta isa kunnen na nesa. Jama'a suka goyi bayansa. A watan Agusta na shekarar hukuma ta ba da umarni a shigar da kayan Saks cikin badujalar sojan Faransa.

Ƙahonin sun kuma ƙetara teku zuwa Ingila. Wani Bature mai suna John Distin da 'ya'yansa huɗu, waɗanda suke yawon busa ƙasa-ƙasa, sun haɗu da Saks a Faris a 1844. Suka karɓi ƙahoninsa suka riƙa busawa duk inda suka je. A lokacin ma'aikatan masaƙu da na ma'adinan kwal a arewacin Ingila suna ta kafa ƙungiyoyin busa. Ƙahoni masu sauƙin koyo kuwa su ne abin da suke bukata. A 1853, a wata babbar gasa da aka yi a Manchester, ƙungiyar garin Mossley ce ta zo ta ɗaya, da ƙahonin Saks ta yi nasara.

Hassada da shari'a

Umarnin da hukuma ta bayar ya faranta wa Saks rai, amma ya taɓa abincin sauran maƙeran Faris. Idan soja za su sayi kayan Saks, to su wa zai sayi nasu? Ga shi kuma baƙo ne, ba ɗan ƙasa ba. Sai suka haɗa kai suka kai shi kotu. Suka ce bai ƙago kome ba, ƙahoni masu bawul suna nan tun kafin zuwansa, don haka a soke takardunsa. A Jamus ma wani shugaban badujala, Wilhelm Wieprecht, ya yi irin wannan magana.

Idan ka duba da idon adalci, za ka ga kowane ɓangare yana da hujja. Gaskiya ne ba Saks ya ƙago bawul ba, ba kuma shi ya fara sa shi a ƙaho ba. Abin da ya yi shi ne tsara abin da yake a warwatse, da daidaita ma'auninsa, da kyautata ƙirarsa. Shi ma kuma ba mai sanyin hali ba ne. Yana da zafin rai da son sanya sunansa a kan duk abin da ya ƙera, kuma shi ma ya kai mutane da yawa ƙara saboda kwaikwayon kayansa. Shari'o'in sun ɗauki shekaru masu yawa. Ya ci da dama daga cikinsu, amma kuɗin lauyoyi da ɓata lokaci sun cinye ribarsa.

Siyasa ma ta taɓa shi. A 1848 aka yi juyin juya hali a Faransa, aka tumɓuke Sarki Louis-Philippe. Sabuwar gwamnati ta soke umarnin 1845. Ciniki ya tsaya, bashi ya taru, a 1852 jarinsa ya karye. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne yabo yake ta zuwa masa. A 1849 ya sami lambar zinariya a baje kolin Faris da lambar girma ta ƙasar Faransa. A 1851, a babban baje kolin duniya na Landan, inda Sommer ma ya kai nasa ƙahon, Saks ya sami lambar yabo mafi daraja. Sai a 1854, a zamanin Sarki Napoleon na Uku, aka mayar da kayansa cikin badujalar soja. A tsakanin 1853 da 1858 kuma ya yi fama da ciwon daji a leɓe, ciwo mai ban tsoro ga mai busa, amma ya warke.

Matsalar da ta gagare shi

Akwai wata matsala a jikin kowane ƙaho mai bawul, wadda za ka iya ganewa da ɗan lissafi. A ce tsawon bututu kashi 100 ne. Bawul na farko yana ƙara masa wajen kashi 12, na uku kuma wajen kashi 19. Kowane ɗaya, in an danna shi shi kaɗai, muryar daidai take fita. Idan aka danna su tare, ƙarin ya zama kashi 31. Amma muryar da ake nema a nan tana bukatar ƙarin fiye da kashi 33. Dalili shi ne, da zarar an danna bawul ɗaya, bututun ya riga ya ƙara tsawo, kuma dogon bututu yana bukatar ƙari mafi yawa. A ƙaramin ƙaho giɓin kaɗan ne, mai busa yana iya gyarawa da leɓɓansa. A babban ƙaho irin yufoniyam kuwa giɓin yakan kai wajen santimita 6, kuma kunne yana jin muryar ta karkace.

Saks ya san wannan matsala sarai. A 1852 ya fito da maganinta. Ya ƙera ƙahoni masu bawul shida, kowane bawul da nasa tsawon bututu, ba a danna biyu a lokaci ɗaya. Muryoyin suka fita daidai. Amma ƙahon ya yi nauyi, kuma dole mai busa ya watsar da dannawar da ya saba ya koyi sabuwa. Masu busa kaɗan ne suka karɓe shi. Ka ga a nan ya sami daidaiton murya, amma ya rasa sauƙin riƙo da sauƙin koyo, abubuwan da suka sa aka so ƙahoninsa na farko.

Wanda ya warware matsalar ta hanyar da ta karɓu shi ne David Blaikley, ma'aikacin kamfanin Boosey a Landan. A 1878 ya sami takardar mallakar wata dabara. Ya ƙara waɗansu 'yan gajerun bututai a bayan bawul, waɗanda iska ba ta shigarsu sai an haɗa bawul da bawul. Da haka giɓin yake cikewa da kansa, mai busa bai canja dannawarsa ba. Har yau manyan yufoniyam masu bawul huɗu da wannan dabara ake ƙera su. A yawancinsu bawul na huɗu yana gefe, inda yatsan hannun hagu yake kaiwa cikin sauƙi.

Ƙarshen rayuwarsa

Daga 1857 Saks ya koyar da busa saksofon ga ɗaliban soja a babbar makarantar kiɗa ta Faris. A 1867 ya sami babbar kyauta a baje kolin duniya na Faris. Amma a 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, Faransa ta sha kashi, mulkin Napoleon na Uku ya faɗi, aka rufe ajin da yake koyarwa. Ba a sake buɗe ajin saksofon a makarantar ba sai a 1942. Takardun mallakarsa kuma wa'adinsu ya riga ya ƙare, kowa yana iya ƙera irin kayansa ba tare da ya biya shi ko anini ba.

Jarinsa ya sake karyewa a 1873, ya kuma karyewa a 1877. A wannan shekara aka yi gwanjon ɗaruruwan kayan kiɗa na ƙasashe dabam-dabam da ya shekara yana tarawa. Ya rasu a Faris a watan Fabrairu 1894, yana talaka, aka binne shi a maƙabartar Montmartre. Ɗansa ya ci gaba da riƙe maƙerar, daga baya kamfanin Selmer ya saye ta.

A yau titin da aka haife shi a Dinant sunansa yake ɗauke da shi, kuma akwai mutum-mutuminsa zaune a kan benci a wurin. Kafin zuwan kuɗin Yuro, hotonsa ne a kan takardar faran 200 ta Beljiyam. Saksofon ya bi duniya, ya shiga kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka, ya zo Afirka ya shiga hannun Fela Anikulapo Kuti a Legas da Manu Dibango ɗan Kamaru. Jikokin sakshon kuwa suna hannun 'yan badujalar soja da 'yan sanda da majami'u da makarantu. In ka sake ganin su suna maci, ka duba yadda mai yufoniyam ya rungume ƙahonsa da hagu, yana dannawa da dama, bakin ƙahon yana kallon sama.

Ma'anar kalmomi

Badujala: ƙungiyar masu ganga da masu busa, irin ta soja ko 'yan sanda.
Maƙera: wurin da maƙeri yake aikinsa.
Zuga-zugi: abin da maƙeri yake hura wuta da shi.
Bututu: dogon abu mai rami a ciki, wanda iska ko ruwa suke bi.
Karkarwa: motsi da sauri-sauri, kamar na mai jin sanyi.
Baje koli: taron da ake nuna wa jama'a kayan da aka ƙera ko na sayarwa.
Karyewar jari: halin da ɗan kasuwa yake shiga idan ya kasa biyan bashin da ake bin sa.
Giɓi: abin da ya rage kafin abu ya cika.
Gwanjo: sayar da kaya a bainar jama'a ga wanda ya fi taya su da tsada.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Adolf Saks, kuma a wace shekara?
2. Wane amfani Saks ya samu daga iya ƙira da iya busa gaba ɗaya?
3. Bayyana yadda bawul yake canja muryar ƙaho.
4. Kawo amfani biyu na ƙera ƙahoni su zama 'yan gida ɗaya.
5. Me ya sa Saks ya juya bakin ƙahoninsa ya kalli sama?
6. Me ya faru ranar 22 ga Afrilu, 1845?
7. Me ya sa masu busa ba su karɓi ƙaho mai bawul shida ba?
8. A ganinka, maƙeran da suka kai Saks ƙara suna da gaskiya? Kawo hujjojinka.
9. Rubuta sakin layi biyu a kan wani abin busa da ake amfani da shi a garinku. Faɗi abin da ake yin sa da shi, da yadda ake riƙe shi, da lokacin da ake busa shi.